Jawabi ga Hakimai da Malamansu: Tsare Wayar Hannu

 Wannan jawabi a kan wayar hannu ne, da yadda ya kamata a tsare ta a ofishin gunduma.

A zamanin da, in takarda ta fito daga gidan Hakimi, dagaci ba ya aiki da ita sai ya ga hatimi, ya kuma shaida rubutun malamin. Saboda haka ba a yar da hatimi a zaure, cikin akwati ake kulle shi. To, tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin 2001, yawancin abin da manzo ke kaiwa bisa doki ko keke ya koma cikinta: kiran taro, da sammaci, da labarin allurar rigakafi, da rahoton tsaro zuwa majalisar Sarki. Watau yau lambar wayar Hakimi ita ce hatiminsa. Duk wanda ya mallake ta, da bakin Hakimi zai yi magana, talakawa kuwa su gaskata shi.

Abu na farko, rajistar layi. Tun watan Disamba 2020 Gwamnati ta umarta a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN. In layi ya ɓace, kamfani ba ya mayar da shi sai ga wanda sunansa ke cikin rajista. Ashe ba daidai ba ne Hakimi ya aiki yaronsa ya sayo layi da sunan yaron, gama ran da suka ɓata, hatimi yana hannun bara. Har wa yau, layin da aka daɗe ba a aiki da shi, kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. In da shi aka buɗe asusun banki, lalle ne a riƙa kira da shi, ko a je banki a sake lamba.

Na biyu, kulle waya. Makulli biyu ne, na wayar da na katin layin da ke cikinta. Mutane da yawa sun san na farko, ba su kula da na biyu ba, alhali ɓarawo yakan zare katin ne kawai ya sa a wata waya, sa'an nan saƙon banki ya riƙa zuwa masa. In an sa wa katin lambar sirri, kuskure uku ya isa ya rufe shi, ba ya buɗuwa sai da wata lamba mai suna PUK, wadda ke bisa robar da aka ɓallo katin daga jikinta. A adana robar nan. Kowace waya kuma tana da lambarta ta shaida, alƙaluma 15, tana fitowa in an buga *#06#. Malami ya rubuta ta ya ajiye, gama 'yan sanda za su nema ran da aka yi sata. Kada kuma a aika da wayar ofis shagon caji a buɗe.

Na uku, 'yan damfara. Dabararsu sananniya ce. Mutum ya bugo da ladabi, ya ce an shirya taron masarauta ta waya, an aiko da lamba mai alƙaluma 6, a karanto masa. Lambar nan kuwa ita ce mabuɗin WhatsApp. Da an faɗa, sai ya shige da sunan Hakimi, ya bi dagatai da 'yan'uwa yana roƙon kuɗi. Maganin wannan biyu ne. Kada a karanta wa kowa lambar da ta zo ta saƙo, ko da ya ce daga banki yake, domin banki ba ya neman lambar sirri ta waya. Sa'an nan a sa makulli na biyu da WhatsApp ya tanada, watau wata lamba mai alƙaluma 6 da mai waya ke zaɓa da kansa. Dagaci kuma in saƙon neman kuɗi ya zo masa, ya kira ya ji murya tukuna.

Na huɗu, kayan ofis na ofis ne. Akwatin imel da shafin Facebook na gunduma kada a buɗe su da lambar malami, gama malami yakan sami canji, ko rai ya yi halinsa, shafi ya tafi da shi. A buɗe da layin ofis, a rubuta kalmar sirri, a kulle ta inda hatimi yake, a sake ta duk ran da aka sake malami.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi, amanar talakawa. Mutumin da ya kawo labarin ɓarayin daji, ransa ya danƙa a hannun Hakimi. In sunansa da saƙonsa suna cikin waya, wayar kuwa ta faɗa hannun miyagu, an bashe shi. A isar da irin wannan rahoto, a share shi nan take. Amma maganar gona da gado da iyaka, littafi ne gidanta. Cikin Satumba 2021 an rufe hanyoyin waya a Jihar Zamfara saboda tsaro, aka yi makonni ba kira ba saƙo. A irin wannan hali, sai mai littafi ke iya aiki.

Daga ƙarshe, magana zarar bunu ce. Labarin da talaka ya tura jita-jita ne, amma in daga wayar Hakimi ya fito ya zama sanarwa. Kada a tura sai an bincika. In kuwa waya ta ɓace, a sanar da kamfani ya rufe layi, a sanar da banki, a gaya wa dagatai da majalisa, duk kafin rana ta faɗi.

Allah ya tsare ƙasa da shugabanninta, ya ba da ikon riƙon amana, amin.