Kayan Da Kwastan Suka Kama

Jama'ar Runjin Sambo, da yawa cikinku fatake ne masu bin hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni, kun kuwa san Kwastan. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Dukiya mai yawa ta salwanta a wannan tsakani, galibin masu ita kuwa suka ce ƙaddara ce, suka koma gida.

To, ku sani, kamu dabam, hukunci dabam. Ma'aikaci yana da ikon tsare kaya, amma kadan mai kayan ya yi gardama, alƙali ne ke yanke magana. Shari'ar Kwastan kuwa ba ta alƙalin gari ba ce, ta Babbar Kotun Tarayya ce, akwai ta nan Sakkwato.

Ga misali. Wani lauya, Kehinde Ogunwumiju, ya sauka filin jirgin Abuja a 2019, aka tilasta masa biyan kuɗin fito a kan jakar da ya sayo don amfanin kansa. Ya biya, sa'an nan ya kai ƙara. A 2020 Alƙali John Tsoho ya ce a mayar masa da kuɗinsa, a ƙara masa diyyar Naira miliyan 5. Wani zai ce ai lauya ne. Gaskiya ne, amma abin da ya tsaya masa doka ce.

Saboda haka, ran da aka kama kayanka, kada ka yi faɗa, kada ka miƙa toshiya. Nemi takardar kamu, ka karanta ta da kanka, ka duba kwanan wata da yawan buhuna. Sa'an nan ka rubuta musu cewa kayan naka ne, ba ka yarda ba, ka ajiye kwafi. Yi sauri. Dokar 1958 wata guda kaɗai ta ba mutum, in ya wuce kaya sun zama na Gwamnati. An sake doka a 2023, amma har yau mai jinkiri yakan tarar an yi gwanjon kayansa.

Sai dai ba na ruɗinku. A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta ƙasa, wanda ya biyo da ita ta daji ba shi da bakin magana gaban alƙali. Wanda ya biya fito kuwa, ya riƙe rasidinsa cikin aljihu, kada ya bar wa direba.