Ledar Maganin Kawu: Idan Suga, Hawan Jini da Ƙoda Suka Haɗu a Jiki Ɗaya

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiyarmu, likitan manya da ke aiki a wani asibiti a Ingila, ya gabatar a taronmu na shekara. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, don amfanin na nan da na gida.

Sakatare ya ba ni minti 20, ya kuma gargaɗe ni cewa da an sauke tuwo ba mai jira na, don haka bari in shiga magana.

Yawancin waɗanda nake dubawa a wurin aiki ba ciwo ɗaya ne ke kwantar da su ba. Mutum zai zo da suga, da hawan jini, ga ƙoda ta soma gajiya, ga magani kala bakwai ko takwas a jaka. A irin wannan jikin, maganin da ke gyara wani wuri yana iya ɓata wani, kuma alamar da ta fito fili sau da yawa ba ita ce tushen matsalar ba. Zan ba ku misali da gidanmu, na kuma nemi izinin mai labarin kafin in hau nan.

Wata bazara, wajen ƙarfe 2 na dare, wayata ta yi ƙara. Ɗan kawuna ne daga gida. Ya ce, "Yaya, Baba ya rikice. Zufa yake ta yi, maganarsa ba ta fita, hannunsa na dama ya saki." A bayansa ina jin muryoyi, wasu na cewa shanyewar ɓarin jiki ce, wasu na cewa a kira malam a yi tofi. Kawu ya haura 70, ya kai shekara 15 da ciwon suga. Na ce a ɗauko na'urar awon suga da aka aika masa daga nan, a huda yatsansa. Yaron ya auna, ya ce, "Yaya, na'urar nan ta lalace, 2.1 ta nuna. A asibiti 130 ko 150 ake ce mana."

Na'ura lafiyarta ƙalau. Ina so kowa ya riƙe wannan, musamman masu aika na'ura gida: ma'auni biyu ake amfani da su a duniya. Na Ingila yana ba da ƙananan lambobi, irin su 5 ko 7. Wanda ake amfani da shi a Amurka da wurare da dama a gida yana ba da manya, irin su 90 ko 126. Ka ninka na Ingila sau 18, ka sami ɗayan. Ke nan 2.1 ɗin Kawu daidai yake da 38. Duk abin da ya sauka ƙasa da 4 a na nan, ko 70 a na can, suga ya faɗi. Ƙwaƙwalwa kuwa da suga take aiki, in ta rasa shi sai mutum ya nuna duk alamun shanyewar ɓarin jiki alhali jijiyarsa ba ta toshe ba.

Tunda yana iya haɗiya, na ce a dama sukari cokali huɗu a ruwa a ba shi. In da ya suma ne ba zan ce haka ba, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, sai a ruga asibiti. Bayan minti 15 Kawu ya buɗe ido, ya ɗaga hannun da ya saki, ya tambayi dalilin da aka taru a kansa. Gida ya cika da hamdala. Ni ne kaɗai hankalina bai kwanta ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya yi shekaru yana shan ƙwayar suga iri ɗaya ba tare da matsala ba, me ya sa yau ta kayar da shi?

Na ce a zazzage ledar maganinsa a kan tabarma, a ɗauki hoton kowane kwali a turo mini ta WhatsApp. Da na ga hotunan, na yi wa Inna tambayoyi, sai labarin ya fito daki-daki.

An sa Kawu a kan amlodipine saboda hawan jini. Magani ne mai kyau, yana kuma yi wa baƙar fata aiki sosai, amma yakan kumbura idon sawu. Da ƙafa ta kumbura, ba a koma wurin likita ba, aka je kemis aka karɓo Lasix, ƙwayar sa fitsari. Ita kuma tana tara wani sinadari a jini da ke taruwa a gaɓoɓi, sai babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya hana shi barci. Aka ce sanyin ƙashi ne, aka koma kemis aka karɓo diclofenac, yana sha safe da yamma har mako uku. Ban da wannan, yana shan lisinopril, kuma kwali biyu na gani: ɗaya an saya a gida da sunan Zestril, ɗaya ragowar na wani ɗan uwa ne a nan, ya aika masa don zumunci. Magani ɗaya ne, suna biyu, Kawu yana haɗa su. Sai gudawa ta kama shi kwana uku cikin zafin Afrilu, ba ya iya cin abinci, amma shi mutum ne mai cika umarni, ko ƙwaya ɗaya bai tsallake ba.

Ƙoda matata ce, jini ke bi ta cikinta ana tace shi. Diclofenac da 'yan uwansa, ibuprofen da Feldene, suna matse hanyar da jini ke shiga matatar. Lisinopril yana sassauta hanyar fita, sai ƙarfin tacewa ya ragu. Lasix da gudawa suna ƙwace ruwan jiki. Ukun nan in suka haɗu a jikin dattijo, ƙoda tana iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Da ta tsaya, ƙwayar sugansa, glibenclamide, wadda kuka fi sani da Daonil, ba ta da hanyar fita, sai ta taru tana ta danne suga. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Shi ya sa na dage a kai shi asibiti a daren, duk da ya tashi yana cewa ya warke. Kafin asuba sugan ya sake faɗuwa. Kwana biyu ana ƙara masa ruwa mai suga, aka dakatar da magungunan duka. Gwajin jini ya nuna ƙarfin ƙodarsa ya sauka zuwa 12. Ana lissafa shi ne daga wani sinadari da ake kira kiriyatinin, a takarda za ku ga an rubuta eGFR. Ga mai lafiya yana kai 90 ko fiye. In ya zauna ƙasa da 60 har wata uku, ciwon ƙoda ya tabbata. Ƙasa da 15 ne ake soma maganar wanki. Allah Ya taimake mu, bayan mako biyu na Kawu ya hau zuwa 38, a nan ya tsaya. Bai koma yadda yake da ba, domin dama suga ya daɗe yana cin ƙodar a ɓoye. An raba shi da Daonil har abada, an rage masa metformin zuwa rabi, an maido masa da lisinopril kwali ɗaya. Kada wani ya fita daga nan ya jefar da lisinopril ɗinsa, domin ga mai suga yana kare ƙoda. Haɗin ne ya yi ɓarna, da rashin awo.

Akwai laifina a ciki. Shekara 15 ina gaishe da Kawu duk Juma'a, ina tambayar "ya jiki", yana cewa "alhamdu lillahi". Ban taɓa tambayar yaushe rabon da a auna ƙodarsa ba. Da aka bincika, ba a taɓa aunawa ba.

Ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum zai iya rasa fiye da rabin ƙarfinta bai ji komai ba. Abin da ke tona ta tun da sauran dama shi ne gwajin fitsari na neman furotin, da wancan gwajin jinin, sau ɗaya a shekara ga duk mai suga ko hawan jini. Kuma idan tsoho mai suga ya ce muku kwanan nan sugansa ya daidaita da kansa, har ya rage allura, kada a yi saurin yanka rago. Insulin ma ƙoda ce ke fitar da shi, in ta gaza sai ya daɗe a jiki. A auna ta tukuna.

Ga ƙa'idar da muke koya wa marasa lafiya a nan, ina roƙon ku kai ta gida. Idan amai ko gudawa ko zazzaɓi mai zafi ya hana mutum ci da sha, ya dakatar da metformin, da ƙwayar fitsari, da lisinopril ko losartan, sai ya yi kwana ɗaya ko biyu yana ci yana sha sosai ya koma kansu. Insulin kuwa ba a yanke shi gaba ɗaya, a yawaita awo a nemi likita. Ciwon jiki kuma, farasitamol ya fi aminci ga irin waɗannan mutane.

Suga yana kashe jijiyoyin jin zafi, wannan ma yana ruɗar da mu likitoci. Na sha ganin mai suga da ciwon zuciya ya kama shi ba tare da ciwon ƙirji ba, sai haki, da zufa, da jin kamar gyambon ciki ne ya tashi. Haka ƙafa: ƙusa za ta shiga, ko garwashi ya ƙona, bai sani ba sai wari ya sanar. Alwala sau biyar dama ce ta duba tsakanin yatsu, a kuma share su su bushe. Idan kuwa baki ya karkace ko hannu ya saki, aka auna suga aka ga bai faɗi ba, to a nan 999 za a kira nan take, domin allurar narkar da gudan jini yawanci awa huɗu da rabi take da su.

Wani abu da ya shafe mu musamman: gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, yana dogara ne da jajayen ƙwayoyin jini. Ga mai sikila, ko mai ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, yana iya ba da amsar da ba daidai ba. Ku gaya wa likitanku rukunin jininku kafin ya yanke hukunci da shi.

Iyayena mata, ku yi mini afuwa zan shiga kicin. Gishiri ba na cikin kwalba ne kaɗai ba, yana cikin dunƙule, yana cikin kanwa. Wanda aka hana gishiri yana shan kunun kanwa kullum bai bar komai ba. Akwai kuma gishirin da ake sayarwa a manyan kantunan nan ana cewa na masu hawan jini ne. Fotashiyam ne a cikinsa, kuma ga mai raunin ƙoda, ko mai shan lisinopril, yana taruwa har ya tsayar da zuciya. Kada a saya wa tsoho shi a matsayin tsaraba. Dabino da ayaba ma suna da shi da yawa, mai ciwon ƙoda ya tambayi adadin da ya dace da shi. Jiƙo da sassaƙe kuwa, ba zan yi musu da kakanninmu ba, roƙona ɗaya ne: in kuna sha, ku faɗa mana. Ba za mu kore ku ba. Ɓoyewar ce ke sa mu lalube cikin duhu.

Azumi. Malamai na zaune, sun fi ni sanin sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya, da ramuwa, da ciyarwa. Nawa shi ne in ce a ga likita wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan a gyara lokutan magani. Wanda ya ɗauka, in sugansa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya karya, ko da saura minti goma a sha ruwa. Mai ƙoda irin ta Kawu, shawarata ita ce kada ya ɗauka. Da na gaya masa haka ya yi mako bai ɗauki wayata ba, sai da limamin unguwarsu ya zauna da shi.

Mu da ke Ingila ba mu da hanzari. Mai suga yana da awon shekara kyauta, hoton ido ma kyauta ne, kuma mai shan maganin suga ba ya biyan kuɗin magani in ya cike takardar. Amma wasiƙa za ta zo, mu ajiye ta a kan firji saboda aikin dare.

Mai girma Shugaba, ga buƙatata. Ma'aji ya fi kowa sanin sau nawa aka buɗe asusun taimako saboda wankin ƙoda. Wanki sau uku ake so a mako, awa huɗu kowane zama, kuma ba ranar gamawa sai an yi dashe. Mukan tara kuɗin wata ɗaya ko biyu, sannan mu yi shiru don kunya, iyalin su sayar da gona. Ina roƙon kwamiti ya ware wani kaso na asusun don biya wa iyayenmu masu suga da hawan jini awon ƙoda da fitsari sau ɗaya a shekara, reshenmu na gida ya riƙe rajistar sunaye. Ni da 'yan uwa ma'aikatan jinya da ke cikin zauren nan mun yarda za mu riƙa duba sakamakon, mu tura wanda ya kamata wurin likitan da ke kusa da shi.

Kafin nan, kowa ya kira gida a makon nan, a zazzage leda a ɗauki hoto, a rubuta sunayen magungunan a takarda ɗaya da za a riƙa zuwa da ita asibiti. Mun ajiye tebur a bayan zaure da na'urar awon jini da ta suga. A zo kafin a ci tuwo, don bayan tuwo lambobin ba za su yi wa kowa daɗi ba.