Kalmomi Uku na Turanci a Takardar Neman Taimako

 

Duk sa'ad da muka kawo muku takardar neman taimako, akwai kalmomi uku na Turanci da sukan ba sakatarorin kwamiti wahala: resilience, sustainability da capacity. Wannan ya riga ya jawo mana asara. An taɓa dawo da takardar wani ƙauye domin a gurbin da aka tambayi yadda aikin zai ɗore, sun rubuta cewa Allah zai tanada. Amin, haka yake. Amma mai ba da kuɗin yana so ya san ta hannun wa tanadin zai biyo.

Resilience ta fito daga Latin, asalinta komowa da tsalle, kamar ɗanyen reshe da aka tanƙwara aka saki. Mukan ce jimiri, amma ta wuce haƙuri. Mai haƙuri yakan zauna har wahala ta wuce. Wannan kuwa miƙewa ce bayan an faɗi.

Bari mu ba ku misali daga ƙasar Maraɗi a Nijar. A shekarar 1983, wani ɗan mishan na SIM daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma suke sarewa lokacin sassabe kututturan itatuwa ne da saiwarsu take da rai a ƙasa. Sai ya koya wa mutane su zaɓi 'yan tsiro masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su kāre su daga awaki da gatari. Da fari an yi masa dariya. A yunwar 1984 an ba mutane abinci domin su gwada, kuma da abincin ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu su suka ga amfanin. Gawo, alal misali, yakan kaɗe ganye da damina, gero ya sami rana da taki a ƙarƙashinsa. Ana kiran wannan hanya sassabin zamani, kuma masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Da fara da ƙarancin ruwa na 2004 suka kawo yunwar 2005, gidan da yake da itatuwa ya sami itacen sayarwa da ganyen dabbobi. Idan takarda ta tambaye ku resilience, irin wannan take nema: me kuke da shi da zai ta da ku idan damina ta ƙi?

Sustainability kuwa asalinta tallafar abu daga ƙasa. Mu mukan ce ɗorewa. Tambayar ita ce, ranar da motarmu ta daina zuwa, wa zai riƙe aikin? A nan ne muka fi shan kunya, mu da ku. Mun taɓa kafa famfon tuƙa-tuƙa a wani ƙauye, aka yi addu'ar keɓewa, aka yanka akuya. Bai cika shekara biyu ba robar ciki ta cinye. Kuɗinta bai kai na akuyar da aka yanka ba, amma babu asusu, babu wanda ya iya kwance famfon. Mata suka koma tafki, yara suka koma gudawa. Laifin ba na ƙauyen kaɗai ba ne, domin mu ma mun yi gaggawar tafiya ba mu koya wa kowa gyara ba. A wani ƙauyen kuma zumuntar mata ce take karɓar mudu ɗaya na hatsi daga kowane gida da kaka, ta sayar, ta ajiye domin gyara. Nasu famfon yana aiki.

Ta ukun ba ta da wuya. Capacity ita ce abin da mazubi zai iya ɗauka, a kan mutane kuma iyawa ke nan. Ku faɗi gaskiya a wannan gurbi. In rumbunku buhu 30 yake ci, kada ku roƙi 100. Ku tuna a Farawa sura 41, kafin Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na hatsin Masar, sai da ya ba da shawara a naɗa masu lura.

Don haka, kafin taronmu na bayan girbi, kowane kwamiti ya zo da sunayen mutum biyu da za a koya wa gyaran famfo, da mutum ɗaya, mace ko namiji, da zai riƙe littafin kuɗi. Wanda Turancin takardar ya gagare shi, kada ya kwafi na maƙwabta. Ya rubuta amsarsa da Hausa, mu za mu juya ta a ofis.