Matsalar Yankewar Intanet a Gida da Hanyoyin Magance Ta: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya taro ya umurce ni da in yi magana kan wani abu da ya zama ruwan dare a gidajenmu, daga Barnawa zuwa Narayi, daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, watau yankewar intanet ana tsakiyar aiki. Wani zai ga kamar ƙaramar magana ce. To amma tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma yawancin neman aiki da biyan kuɗin makaranta sun koma ta intanet. Yaron da layi ya yanke masa a ranar rufe rajista yana iya asarar shekara guda cur.

Abu na farko da nake so mu riƙe shi ne, intanet ɗin gida gada ce mai gaɓa uku. Akwai tsakanin wayarka da akwatin da ke rarraba intanet, wanda ake kira rawuta. Akwai tsakanin rawuta da ƙarfen sabis na unguwa. Sannan akwai tsakanin kamfanin layi da sauran duniya. Duk gaɓar da ta karye, abu ɗaya za ka gani: shafi ya ƙi buɗewa. Shi ya sa mutane da yawa ke sayen sabon akwati alhali tsohon lafiyarsa lau.

Gwajin yana da sauƙi. In layi ya yanke, dubi alamar waifai a wayarka. In ta ɓace, matsalar tana cikin gida. In tana nan daram amma babu abin da ke buɗewa, matsalar tana gaba da akwatin. Sannan ka gwada da wata wayar. In waya ɗaya ce kawai ke yankewa, laifin nata ne; ka goge sunan waifai ɗin daga cikinta, ka sake haɗawa.

A cikin gida, babban mai laifi a wajenmu shi ne wuta. Duk sa'ad da aka ɗauke, ko aka juya zuwa janareta, akwatin yakan mutu ya sake tashi, kuma yakan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ya kama layi. Wuta mai rauni kuma takan sa ya yi ta kashe kansa, ko da fitilar ɗaki tana ci. Maganin shi ne ƙaramin batirin ajiya na rawuta, ko a jona shi a layin sola in akwai. A kuma duba cajar, domin yawancin akwatunan nan bolt 12 suke ci, kuma caja mai arha ba ta ba su isasshen ƙarfi.

Na biyu shi ne mazauni. Malamanmu na kimiyya sun koya mana cewa igiyar rediyo takan raunana in ta ratsa abu mai kauri, ƙarfe kuwa tare ta yake yi. Waifai igiyar rediyo ce. Gidajenmu kuma na bulo da siminti ne, da rodi a cikin bene, da ƙofofin ƙarfe. Wanda ya ɓoye akwatinsa a bayan talabijin ko a cikin kabad, ya ɗaure shi da hannunsa. A ɗora shi sama, a fili, a tsakiyar gida, nesa da firji. In kuwa mai amfani da sim ne, a zagaya da shi taga-taga har a sami inda sabis ya fi cika. Kada dai a bar shi a rana, domin a zafin Maris da Afrilu akwatin da ya yi zafi yakan katse da kansa, ƙurar hunturu kuma tana toshe masa kafofin iska.

Na uku shi ne cunkoso. Yawancin sababbin akwatuna suna da zango biyu, 2.4 da 5. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma shi kowa ke hawa, kuma tashoshi 3 ne kawai a cikinsa da ba sa shiga juna: 1 da 6 da 11. A gidan haya mai ɗakuna goma, kowa da akwatinsa, sai su yi ta danne juna. Na 5 ya fi sauri da sarari, sai dai ba ya nisa. Wanda ke kusa da akwati ya hau 5, na ɗakin ƙurya ya zauna a 2.4. Bugu da ƙari, a riƙa sauya lambar sirri, domin wadda aka ba baƙo ɗaya takan zagaya layi gaba ɗaya.

Wani lokaci kuma, 'yan'uwa, laifin ba na gida ba ne sam. Kowa ya lura sabis yakan yi nauyi da almuru, sa'ad da jama'ar unguwa suka taru kan ƙarfe ɗaya. Masu aikin hanya kan tsinke wayar fayiba da ke binne. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka tsaya cik a Nijeriya da Ghana da wasu ƙasashe. A irin wannan rana ba abin da kashe akwati da kunnawa zai yi. A tambayi maƙwabci mai layi iri ɗaya, a kuma tabbata data ba ta ƙare ba, sim ɗin ma yana haɗe da lambar NIN.

In matsala ta daɗe, a rubuta rana da lokacin kowace yankewa har mako guda, a kai ƙara ga kamfanin, a karɓi lambar ƙorafi. In ba su share hawaye ba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana da lambar kira kyauta, 622. A shekarar 2025 an amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, saboda haka wanda ya biya yana da hakkin ya nemi aiki mai kyau.

Daga ƙarshe, ina roƙon shugabanni da in ƙungiya ta tashi taimaka wa ɗakin kwamfuta na makarantarmu, ta fara da sola da batir kafin sayen akwati mai tsada. Ina kuma roƙon waɗanda suka iya wannan aiki a cikinmu da su riƙa leƙa gidajen malamanmu da suka yi ritaya, su gyara musu kyauta. Yaba kyauta tukuici.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gida lafiya.