Zogale da Shuwaka: Kowa da Kiwon da ya Karɓe Shi



Maganarmu ta yau a kan itatuwa biyu ce na tsakar gida, wato zogale da shuwaka. Mu 'yan kasuwa mun san yadda ganye ke tsada da rani. Gidan da ke da waɗannan biyun ya rage kuɗin cefane, har uwargida ta samu na kashewa. To amma da yawanmu mun shuka sun mutu, muka ce hannunmu ne ba kyau. Ba hannu ba ne, rashin sani ne.

Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, mutanenmu ke ta zuwa daga Kano da Katsina da Zariya, kowa da irin noman garinsu. Sai dai nan ba can ba ne. Daminarmu tun daga Afrilu har Oktoba take, ga ruwa mai yawa.

Shi zogale ba ya son ruwa ya kwanta masa. Saiwarsa mai kauri ce, tana ajiye ruwa, in ƙasa ta jiƙe sharkaf sai ta ruɓe. Za ka ga ganye ya yi ɗorawa yana zuba, ka ƙara masa ruwa, ashe kashe shi kake yi. A nema masa tudu inda rana ke bugawa, a haɗa ƙasar da yashi. In ya kai ƙugun mutum a datse kansa don ya yi rassa. A kuma killace shi saboda awaki.

Ita kuwa shuwaka, damshi take so. Reshe ake yankowa kamar kamu ɗaya, a soka a ƙasa da farkon damina, a sa mata takin gida. Kusa da rijiya ko bakin randa ya fi mata. Wahalarta da hunturu ce: in ba a ba ta ruwa ba, ganyen ya ƙanƙance.

Saboda haka jama'a, zogale mu tsare shi da damina, shuwaka mu kula da ita da rani. Wanda ke da reshe ya sam wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.