Kukan fasinja da mutuncin kampanin jirgin sama: daga Air Afrique zuwa wayar salula

Duk wanda ya taɓa kwana bisa benci a filin jirgin Diori Hamani yana jiran jirgin da aka ce zai tashi da la'asar, ya san zancen yau ba baƙo ba ne. Tambayar ita ce, in fasinja ya yi kuka, wa ke jinsa, kuma mene ne ke sa kampani ya saurara?

A ranar 28 ga Maris 1961, ƙasashe 11, har da Nijar, suka sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar da ta haifi Air Afrique, mai cibiya a Abijan. Abin alfahari ne a lokacin, kuma ya cancanci alfaharin. Amma tun daga tushe akwai wata illa: masu kampanin su ne gwamnatoci, kuma su ne manyan masu cin bashinsa. Ana ɗaukar tikitin tawaga ba a biya, ana cusa ma'aikata bisa rabon ƙasa da ƙasa, ana sayar da kujeru fiye da waɗanda ke cikin jirgi. To, ɗan kasuwar da aka bari a ƙasa da tikitinsa a hannu, gun wa zai kai ƙara? Mai hukunci shi ne mai jirgin. A 1989 aka damƙa kampanin ga Bafaranshe Yves Roland-Billecart, wanda ya rage ma'aikata, ya kuma sa aka taƙaita saukar jiragen wasu kampanoni a manyan biranen ƙasashen. Asusu ya ɗan farfaɗo, amma fasinja ya ƙara rasa wurin gudu.

Kukan bai ɓace ba, hanya ya sake. Ya bi baki, daga Babbar Kasuwa zuwa ofisoshi, daga fada zuwa fada. Haka nan a wasu ƙasashe jama'a suka laƙa wa Air Zaïre da Camair sunan "Air Peut-être", wato jirgin wataƙila, kuma babu tallan da ya iya goge wannan suna. Da darajar sefa ta faɗi da rabi a Janairun 1994, bashin jiragen da ake biya da kuɗin waje ya ninka. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace Airbus A310 guda 4. Kafin ƙarshe ma'aikata sun haura 4000, jirage kuwa ba su kai 10 ba, kuma a 2002 aka rufe kampanin. Bashi ne ya kashe shi, wannan ba shakka. Sai dai a ranar da ya nemi a tausaya masa, abokan cinikin da ya shekara yana wulaƙantawa sun riga sun juya baya.

Abin da baki ke yi cikin shekaru, yanzu waya na yinsa cikin dare guda. A ranar 9 ga Afrilun 2017, a Shikago ta Amurka, jami'an tsaro suka janyo wani likita a ƙasa daga jirgin United, fuska jina-jina, don a ba ma'aikatan jirgi kujera. Fasinjoji suka ɗauki hoto, kafin gari ya waye duniya ta gani. Shugaban kampanin, Oscar Munoz, ya fara da kare ma'aikatansa, ya zargi fasinjan da taurin kai. Da fushin jama'a ya ƙaru sai ya nemi gafara a fili, aka sasanta da likitan bisa kuɗin da ba a bayyana ba, aka kuma ɗaga abin da za a iya ba wanda ya yarda ya bar kujerarsa har dalar Amurka 10,000. Tun daga nan manyan kampanoni suka gane cewa amsar farko ita ce ke gyara ko ɓatawa. Suna da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai gadin abin da ake faɗa a Facebook da makamantansa. Su amsa da wuri, su janye mai kuka zuwa magana ta sirri, su biya shi, shi ke nan. A lura, wannan dabara mai kukan kaɗai take sallama; sauran fasinjojin da ba su da hoto suna nan inda suke.

Akwai kuma wata hanyar, wadda ta fi kusa da gida. A Agustan 2025, a Legas, aka fitar da wata mata da ƙarfi daga jirgin Ibom Air bayan rigima da ma'aikata. Aka kai ta kotu, aka tura ta kurkukun Kirikiri, ƙungiyar kampanonin jiragen Najeriya ta hana ta hawa jirgi har abada. Hoton yadda aka ja ta ya bazu, jama'a suka tambayi dalilin da ya sa wani shahararren mawaƙi da ya tare jirgi a Abuja kwanaki kaɗan kafin nan bai kwana a kurkuku ba. Cikin ƴan kwanaki minista Festus Keyamo ya sanar da janye ƙarar, aka sake ta, aka ɗage hanin.

Kada wannan ya ruɗi kowa a Yamai. Hoto yana tsorata kampani ne inda fasinja ke da zaɓi, alhali tun da Air France ta dakatar da zuwa nan a Agustan 2023 zaɓin ya ragu. Bugu da ƙari, gyaran da aka yi wa dokar laifuffukan intanet a Yunin 2024 ya maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta waya. Wanda zai watsa kukansa, ya tsaya kan abin da ya faru, da rana da lambar jirgi, ya bar zagi.

Takarda ta fi ihu daɗewa. Wanda jakarsa ba ta iso ba, kada ya bar fili sai ya cika takardar shaidar ɓatan kaya, ya kuma adana ƴar alamar da aka manna masa a tikiti. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana 7 don rubuta ƙorafi in kaya sun lalace, kwana 21 in sun makara, da shekara 2 don zuwa kotu. Diyyar tana da iyaka, saboda haka ɗan kasuwar da ya cika jaka da wayoyi ko leshi mai tsada ya bayyana darajarsu tun wurin awo, ya biya ƙarin. UEMOA ma tana da doka tun 2003 kan diyyar wanda aka hana hawa ko aka soke jirginsa, kuma hukumar ANAC ce ke kula da sufurin sama a ƙasar nan. Ma'aikacin da ya taso daga wata ƙasar Tarayyar Turai kuwa, kowane kampani ya hau, dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta tanadar masa har yuro 600, wato kimanin jika 393 na sefa, in aka hana shi kujera a tafiyar da ta wuce kilomita 3500. Kampani ba zai bi shi da kuɗin gida ba, sai ya rubuta ya nema.