Cimar Gida Da Lafiyar Jiki: Jawabi Ga 'Yan Asalin Tofa Mazauna Birane

 

Abin da ya sa muka zaɓi yin magana a kan cima shi ne abin da idanunmu ke gani. Da yawa daga cikin gawarwakin da ake kawo mana daga Kano da Kaduna da Abuja na mutanen da muka koya wa baƙi da wasali ne, waɗanda ba su cika shekara sittin ba. In an tambayi sanadi, sai a ce hawan jini, ko ciwon suga, ko ƙoda, ko shanyewar ɓarin jiki. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma malami ya riƙa bin ɗalibinsa maƙabarta, abu ne da ya isa a zauna a yi nazari a kansa.

Kwanakin baya wani ɗanmu da ya je jinya Indiya ya dawo yana ba mu labarin tsarin kiwon lafiyarsu na gargajiya da suke kira Ayurbeda, wato ilimin rayuwa. A cikinsa an raba shekara gida shida, kowane da irin abincinsa da irin kulawar da jiki ke bukata. Ba su yar da shi ba. A 2014 gwamnatinsu ta kafa ma'aikata guda domin magungunan gargajiya, a 2022 kuma aka aza harsashin cibiyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta wannan fanni a garin Jamnagar. Su ne kuma suka kai shawara Majalisar Ɗinkin Duniya aka sa wa 2023 suna shekarar gero. Geron nan dai da 'ya'yanmu na birni ke kira abincin ƙauye.

Da muka ji haka sai muka ce, ai mu ma muna da namu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Iyayenmu kuwa, ko da ba su rubuta ba, sun raba shekara huɗu, sun san abin da ya dace da kowane lokaci. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

In bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, jiki na zubar da ruwa. Shi ya sa cimar lokacin ta zama mai ruwa-ruwa: fura da nono, kunun tsamiya, farau-farau, da ruwan randa. Aiki mai nauyi da sassafe ake yin sa, da rana a koma inuwa, da dare a kwana a tsakar gida. Wannan kwana a sarari yana da hikima, domin sanƙarau na yaɗuwa ne a rani, inda jama'a suka cunkushe a ɗaki maras iska. Ba mu manta da annobar 1996 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 11,000 a ƙasar nan. Wanda ke gidan haya a birni ya buɗe tagoginsa, ya kuma kai yaransa rigakafi.

Da damina rumbu na yin ƙasa, amma Allah na fito da ganye: tafasa, rama, lalo, yakuwa da zogale. Kwaɗon da iyayenmu mata ke yi da ƙuli-ƙuli shi ne ke riƙe manomi har sabon hatsi ya nuna. Sai dai damina ita ce lokacin zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa, musamman a tsakiyar marka. A nan dole a haɗa da ilimin zamani. A kwana cikin gidan sauro. A karɓi maganin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012. In gudawa ta kama yaro, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba shi a kan hanyar zuwa asibiti.

Kaka lokacin wadata ne, ga sabon gero, ga wake, ga gyaɗa, ga kabewa. Gargaɗin dattawa a nan shi ne kada a cika ciki, kuma ya dace da koyarwar addininmu ta raba ciki uku, na abinci, na ruwa da na numfashi. Haka kuma sun hana ajiye gyaɗa da masara da danshi. Binciken zamani ya gaskata su, domin funfunar da ke kama irin wannan hatsi na da guba mai lalata hanta.

In ɗari ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai a koma abinci mai ɗumi: koko da kunun gyaɗa da citta, kanumfari da masoro, ga tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa. A shafa man kaɗe saboda kaushi da faso, a rufe wa yara ƙirji, a kare hanci daga ƙura. Kada dai a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa ba tare da an farga ba.

To, mu duba abin da muka musanya wannan tsari da shi a birni. Shinkafa da taliya safe da dare, rani da damina. Lemon kwalba ya kori fura, ɗanɗanon kanti ya kori daddawa. Daga gida sai mota, daga mota sai kujerar ofis. Masana lafiya sun ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Kowace uwargida ta auna wannan da abin da take zubawa a tukunya.

Kada a fahimce mu da cewa duk abin da aka gada alheri ne. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Irin wannan sai a rage ko a bari. Haka nan masu tallar magani da lasifika a tasha, masu kwalba ɗaya mai warkar da cuta goma, ba magadan kakanninmu ba ne, 'yan kasuwa ne. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na suga kada ya ajiye shi don ya sami jiƙo. Zogale abinci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin likita.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abubuwa uku. Na farko, ta sayi na'urar awon jini da ta suga, a nemi 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya su riƙa auna duk wanda ya haura shekara arba'in a kowane taro. Na biyu, kowane magidanci da ke birni ya riƙa sayen geronsa da dawarsa da kukarsa daga gida da kaka, ya gyara cimar iyalinsa, manomin Doka da Lambu da Yanoko shi ma ya amfana. Na uku, mu haɗa kai da iyayen ƙasa a hana sare kuka da ɗorawa da tsamiya a gonakinmu domin itace ko gawayi, duk wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu. In babu ɗorawa babu daddawa, in babu kuka babu miya.

Lafiya uwar jiki, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Muna fata baɗi war haka shugabanni za su gaya mana inda aka kwana a kan waɗannan abubuwa uku. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da kowa gidansa lafiya.